Ambaliyar ƙoramu: Ruwan da ke cinye kasuwa daga kan tudu yake tasowa

A ranar Juma'a, 30 ga watan Agustan shekarar 2024, an tafka wani ruwan sama a birnin Maraɗi wanda hukumomin jihar suka ce ya kai kimanin milimita 150 a cikin awa ɗaya da rabi. Ga wanda bai saba da lissafin masu auna ruwan sama ba, abin da Maraɗi kan samu a damina sukutum bai cika wuce milimita 500 ba, ke nan kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan shekara ne ya sauko a ɗan lokacin da bai isa 'yan dako su gama lodin tirela guda ba. Mutane 15 aka bayar da sanarwar rasuwarsu, ban da gidajen da suka rushe da hanyoyin da suka yanke da kuma dukiyar da ta salwanta.

Kafin daminar shekarar 2024 ta janye, alƙaluman gwamnatin Nijar sun nuna cewa kusan mutum 400 ne suka rasa rayukansu a faɗin ƙasar, yayin da ambaliyar ta shafi kimanin mutum miliyan ɗaya da rabi, har sai da aka ɗage komawar yara makaranta zuwa ƙarshen watan Oktoba. Direbobin manyan motoci kuwa ba za su manta da yadda ruwa ya yanke babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya ba a wajen Sorey, dab da shiga Yamai daga gabas, inda motocin kaya da tankokin mai suka yi jerin gwano na kwanaki. Duk wanda ya taɓa lodin albasa ko tumatir ya san abin da kwana uku a bakin hanya ke yi wa jari.

Wannan ba sabon abu ba ne ga mutanen wannan yanki. Tsohon garin Maraɗi a cikin kwarin gulbi yake, sai da ambaliyar shekarar 1945 ta cinye shi sannan Turawan mulkin mallaka na Faransa suka yanka sabon gari a kan tudu. A ɗaya ɓangaren iyaka kuma, cikin daren 15 ga watan Yulin 2018 ruwa ya auka wa garin Jibiya na jihar Katsina, ya hallaka mutane fiye da 40, ya rushe ɗaruruwan gidaje, ya tafi da dabbobi da motoci. A duk lokacin da irin wannan ta faru, abin da aka saba gani shi ne ziyarar jaje da rabon tabarmi da buhunan hatsi, sai kuma alƙawarin gina magudanan ruwa. Ba mu raina ko ɗaya daga ciki ba. Amma ruwan da ke shiga rumfunan kasuwa ya fara tafiyarsa ne tun daga kan tudu, sau da yawa a nisan kilomita masu yawa daga gari, kuma a can ne ya fi sauƙin tarewa, ya fi araha.

Daga ina ruwan yake fitowa?

Bari mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Hekta guda fili ne mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100. Idan aka yi ruwa milimita ɗaya, lita 10,000 ce ta sauka a kan wannan fili. Ruwan Maraɗi na milimita 150 ke nan ya zuba lita miliyan ɗaya da rabi a kan kowace hekta, wato cikin tankar mai mai ɗaukar lita 33,000 har sau 45. To, mai karatu ya ƙiyasta dubban hektocin da ke gangarowa cikin ƙorama guda.

Abin tambaya shi ne, nawa ƙasa za ta shanye daga cikin wannan ruwa, nawa kuma zai gudu? Inda akwai ciyawa da kara da ganyen itatuwa a shimfiɗe, ɗigon ruwa kan faɗa kansu ne, ƙarfinsa ya karye, ya tsaya ya nutse a hankali. Inda ƙasa take tsirara kuwa, ɗigon ruwan yakan dake ta kamar ana daɓe, ya farfasa ƙurar da ke sama, ƙurar ta toshe ƙofofin da ruwa ke bi ya shiga. Da rana ta fito sai wurin ya yi ɓawo mai tauri. Wannan shi ne fako, kuma a kan fako rabin ruwan sama ko fiye da haka gudu yake yi. Ga shi kuma ƙa'ida ce sananniya cewa idan gudun ruwa ya ninka sau biyu, ƙarfin da yake dukan ƙasa da shi ninkawa yake sau huɗu. Shi ya sa 'yar hanyar ruwan da yaro ke tsallakewa bana, bayan 'yan shekaru sai ka tarar ta zama kwazazzabon da zai haɗiye raƙumi, kanta kuma yana ci da baya yana shiga gonaki.

Ƙasar da ruwan ya kwasa daga sama ba ɓacewa take yi ba. Yana isowa kwari, inda gangara ta ƙare, sai ya sauke ta. Yashi ya binne fadamar da ake noman rani, ya cike ƙarƙashin kadarko da kwalbatoci, ya ɗaga cikin ƙoramar kanta har ta kusa yin daidai da gaɓarta. Ƙoramar da cikinta ya cika da yashi kuwa ba ta da inda za ta zuba ruwan baɗi sai cikin gari. Haka zalika, tun da ruwan bai nutse a sama ba, rijiyoyin ƙauyuka sukan ƙafe da wuri, ta yadda mutanen da ruwa ya ci a watan Agusta su ne ke sayen jarka a watan Afrilu.

Wani abin da ke sa ambaliyar ƙorama ta fi ta kogi haɗari shi ne rashin sallama. Kogin Kwara yakan yi kwanaki yana hawa, mutanen Yamai da Gaya suna kallonsa. Ƙorama kuwa tana iya zama busasshiya da la'asar, kafin tsakar dare ta cika ta batse da ruwan da ya sauka a wani wuri can daban. Abin da ya faru a Agadas ke nan a farkon watan Satumban 2009, lokacin da ruwan da ya zuba a duwatsun Abzin ya biyo ƙoramar Telwa, ya fasa shingen da ke kare birnin, ya rushe dubban gidaje da lambuna.

Abin da mutanen Adar suka gwada

Idan ana maganar tare ruwa tun daga tudu, a duk yankin nan babu inda aka yi aikin da ya kai na ƙasar Adar a jihar Tawa. Ƙasa ce ta tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai da jan dutse, da kwaruruwa masu zurfi irin su na Keita da Badagishiri da Majiya, kuma farin shekarun 1973 da 1984 ya bar ta kusan tsirara. A shekarar 1984 ne aka fara babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin gwamnatin Italiya, tare da hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, yayin da shirin samar da abinci na duniya ya riƙa biyan ma'aikata da hatsi da mai, tsarin da mutanen karkara ke kira "gina ka ci". Da yake maza sukan tafi cin rani zuwa Nijeriya da ƙasashen bakin teku da zarar an gama girbi, mata ne suka ɗauki mafi yawan aikin, su ne suka yi ta jidar duwatsu a ka cikin zafin bazara.

Dabarar da aka bi ita ce a ɗauki kwari gaba ɗayansa, daga ƙololuwar tudu har zuwa fadama, a bi ruwan mataki-mataki ana rage masa gudu. A kan shimfiɗar tudu an ja dogayen kunyoyi na ƙasa da aka lulluɓe da duwatsu, kowace da hannuwa biyu da ke kallon inda ruwa ke fitowa domin su rungume shi. A jikin gangara an haƙa ramuka a jere, ana dasa itace a cikin kowane. A cikin ƙoramu an gicciya ƙananan katangu na ragar waya cike da duwatsu, waɗanda ruwa ke ratsawa amma yashi ya tsaya a bayansu. Can ƙasa kuma aka yi madatsun ruwa domin shayar da dabbobi da noman rani. Cikin kimanin shekara 20 an farfaɗo da fili fiye da hekta 34,000, an dasa itatuwa wajen miliyan 18, an kuma buɗe hanyoyin karkara na sama da kilomita 300, waɗanda motocin albasa suka amfana da su.

Ba za a ce aikin Keita ya kawar da talauci daga Adar ba, domin har gobe matasa na tafiya cin rani, jama'a kuma sun ƙaru fiye da yadda gonaki suka ƙaru. Kazalika aiki ne da ya ci maƙudan kuɗi da manyan injuna, irin wanda ƙauye ba zai iya yi da kansa ba. Amma ya nuna cewa fako ba matacciyar ƙasa ba ce.

Tun kafin wannan, a shekarar 1975, ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji sun fara dasa layukan dogon yaro bibbiyu a kwarin Majiya, a ƙasar Buza, da tazarar mita 100 tsakanin layi da layi, domin karya iskar da ke kwashe ƙasar gona. Layukan sun kai tsawon ɗaruruwan kilomita.

Ramin tasa da rabin wata

A ganinmu, abin da ya fi dacewa talaka ya duba shi ne wanda ya faru a Illela. A nan muna nufin Illelar jihar Tawa, ba Illelar Sakkwato mai kasuwar kan iyaka da ke fuskantar Ƙonni ba. A shekarar 1989 wani shiri na asusun bunƙasa aikin gona na duniya, IFAD, ya kwashi manoma 13 ya kai su yankin Yatenga na Burkina Faso, inda suka ga yadda manoman can suka inganta wata tsohuwar dabara ta haƙa ramuka a kan fako. Da suka dawo gida sai wasu suka gwada a kan 'yan hektoci ƙalilan. Shekarar 1990 ta zo da ƙarancin ruwa, kuma gonakin da aka yi wa ramukan ne suka ba da amfani a inda na maƙwabta suka ƙone. Daga nan ba a buƙaci mai wa'azi ba.

Ramin, wanda ake kira tasa, faɗinsa bai wuce taƙi ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba, zurfinsa kamar taƙi guda. Ana tara ƙasar da aka fitar a gefen gangara domin ta tare ruwa, a zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu tun da rani. Gara takan zo cin takin, ta huda ƙasa da 'yan hanyoyinta, ruwan farko ya bi su ya nutse. Hekta guda takan ɗauki ramuka wajen 10,000, don haka aiki ne na gumi, amma ba ya buƙatar komai sai fartanya da diga. Ƙanwarsa ita ce rabin wata, wato kunya mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, mai faɗin mita huɗu, bakinta na kallon tudu. Akan yi kimanin 300 a hekta, a jera su yadda ruwan da ya kuɓuce wa ɗaya zai faɗa cikin ta ƙasa da ita.

Abin da zai ba ɗan kasuwa sha'awa a labarin Illela shi ne, cikin 'yan shekaru fako ya yi kuɗi. Filin da a da ko kyauta ba mai karɓa sai ga shi ana saye ana sayarwa, masu hali suna ɗaukar 'yan ƙwadago su haƙa musu tasa. A ƙauyen Batodi na wannan yanki, masu bincike sun tarar ruwan rijiyoyi ya hau da kimanin mita 14 tsakanin 1994 da 2004, har mata suka buɗe lambuna a inda a da ake wahalar ruwan sha.

A jihohin Maraɗi da Damagaram kuwa wata hanyar aka bi, wadda ta fi kowace araha. Tun daga 1983 wani ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya riƙa jan hankalin manoma da su daina tumɓuke tohon kututturan da ke gonakinsu, su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi su bari su girma. Wannan sassaben zamani ya bazu daga gona zuwa gona har aka ƙiyasta ya mamaye hekta miliyan biyar, da itatuwa kimanin miliyan 200, musamman gawo, wanda ke zubar da ganyensa da damina ya bar gero ya sha rana.

Daga ƙarshen shekarun 1990 an ƙara da wani nau'in gini a kwaruruwan jihar Tawa: gajeriyar katanga ta dutse da siminti da ake gicciyawa a faɗin kwari, mai dogayen fikafikai hagu da dama. Aikinta shi ne ta tilasta wa ruwan ƙorama ya fito daga cikinta ya bazu a kan fadama, ya sauke laka, ya nutse. Akan jera su da yawa a kwari guda, kuma an yi irinsu a Burkina Faso da gabashin Cadi.

Gulbi biyu, ƙasa biyu

Mai karatu zai lura cewa manyan hanyoyin ruwan wannan yanki irin tafiyar fatake suke yi. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya biyo ta Jibiya ya shiga Nijar, ya ratsa Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, sannan ya sake komawa Nijeriya ya haɗu da gulbin Rima. Majiya kuwa daga tuddan Adar take gangarowa, ta wuce Ƙonni, ta ƙare a tafkin Kalmalo kusa da Illelar Sakkwato. A wuri ɗaya Nijeriya ce a sama, a ɗayan kuma Nijar ce.

Kowane ɓangare yana da nasa ƙorafin. Manoman kwarin Maraɗi sun daɗe suna kukan cewa tun da aka gina madatsar Jibiya a ƙarshen shekarun 1980, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 142, gulbin bai ƙara kwanciya a fadamunsu yadda ya saba ba. Mutanen Kalmalo su ma suna danganta janyewar tafkinsu da madatsun Mozage da Zango da ke ba gandun noman rani na Ƙonni ruwa. Su kansu madatsun, yashin da ke gangarowa daga tudu yana ta cike su, yana rage abin da suke iya riƙewa. Akwai yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka sa wa hannu a Maiduguri a watan Yulin 1990 kan raba ruwan Majiya da gulbin Maraɗi da Tagwai da kuma Komadugu Yobe, a ƙarƙashin hukumar haɗin gwiwa da aka kafa tun 1971. Takarda dai tana nan. An rufe iyaka bayan juyin mulkin watan Yulin 2023, aka sake buɗewa a watan Maris na 2024, amma damina ba ta tsaya jiran jami'an duwan ko na kwastan ba.

Ina ruwan ɗan kasuwa?

Ruwansa da yawa. Albasar Galmi da ake lodi zuwa Abijan da Akara da Kumasi, a cikin waɗannan kwaruruwa ake noma ta, da ruwan rijiyoyin da ba su cika sai ruwan sama ya nutse a tudu. Idan yashi ya binne lambu, dillali da mai mota da ɗan dako duk sun shiga ciki.

Sannan akwai inda hannunmu yake dumu-dumu, kuma gara a faɗa. Motocin itacen girki da buhunan gawayi da ke shigowa gari kullum, daga kan tuddan nan ake saro su. Masu tifa suna kwasar yashi a gindin kadarko da gaɓar ƙorama, inda ya fi kusa da kwalta, su bar ginin a rataye. Ledar da muke ƙulla wa masu saye kaya ita ce ke toshe magudanan kasuwa. Da yawa daga cikin rumfuna da sitocin da ruwa ke ci, a kan tsohuwar hanyar ruwa aka gina su, don kawai an yi shekara goma ba a ga ruwa a wurin ba. Har ragar wayar da ke riƙe da duwatsun katangun ƙorama akan samu masu yankewa, kuma da ba su da mai saye da ba su yanka ba. Katangar da aka yanke wa waya kuwa, ruwan farko ne zai watsa duwatsunta.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwa ba su taɓa gazawa wajen tara gudunmawa idan masifa ta auku ba. Da za a ware wani kaso na irin wannan kuɗi tun da rani, a haɗa kai da magajin gari da hakimai da masu unguwanni, a biya matasan ƙauyukan da ke saman kasuwa su yi rabin wata da jerin duwatsu a kan fakon da ke zubo mata ruwa, da an rage na jaje. Sai dai wani hanzari ba gudu ba: kafin a sa diga a fili, a tabbatar an san mai shi, an kuma bar wa makiyaya burtalinsu da mashayarsu, a rubuta a gaban shaidu. An sha ganin fakon da babu mai kula da shi ya zama abin shari'a da zarar ya fara fitar da ciyawa.

Lokacin wannan aiki daga bayan girbi ne zuwa watan Mayu. Yashe magudanan kasuwa da kwalbatoci ma kafin ruwan farko ake yinsa. Mai sito ya ɗaga buhunansa a kan katako, siminti da sukari da gishiri su hau can sama. Shugabannin tasha kuma su riƙe lambobin wayar mutanen garuruwan da ke saman ƙoramarsu, domin kira guda daga can yana iya ba da awa ɗaya ko biyu na kwashe kaya.

Ga direbobi kuwa, ruwa mai gudu da ya kai idon sawu zuwa ƙwauri yana iya kayar da babban mutum, wanda ya kai santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, mai santimita 60 kuma yana tafiya da akasarin motoci, balle a ce ya riga ya rarake ƙarƙashin kwalta ba a gani. Yawancin ƙoramun Adar da Gobir da Katsina sukan janye cikin 'yan awoyi bayan ruwa ya ɗauke, don haka motar da ta iso mashigi da dare ta tarar da shi cike, ta kashe inji ta jira wayewar gari.